Kakana ya je yaƙin Bama, mahaifina ya ce a bar maganar

Assalamu alaikum Goggo. Ni malamar firamare ce a cikin garin Gombe, shekaruna 29, amma asalinmu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Dukku. Kakana na wajen uba ya rasu ina goye, abin da kawai na taso ina ji game da shi shi ne ya je yaƙin Bama, wato ƙasar Burma (Myanmar a yau), lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da muka je gida babbar sallar da ta wuce, Bappa, wato yayan mahaifina, ya fito da tsohon akwatin ƙarfen marigayin. A ciki akwai wata lamba ta tagulla mai siffar tauraro, ƙyallenta ja a tsakiya, shuɗi da ruwan goro a gefe, da wani ɗan littafi da gara ta ci bakinsa, da hoton mutum uku sanye da gajeren wando da malafar soja. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ina so in san wane ne kakana, ina ya je, me ya gani.

Matsalar ita ce Bappa ba don tarihi ya buɗe akwatin ba. Wani mutum ne ya zo ƙauyen yana cewa gwamnatin Ingila za ta biya jikokin tsofaffin sojoji diyyar miliyoyi, a kawo naira dubu 80 kuɗin fom, a kuma ba shi ainihin takardun ya tafi da su Abuja. Bappa har ya fara maganar sayar da tumaki. Shi kuwa Baba da na tayar masa da zancen, sai ya ɗaure fuska ya ce a bar kaza cikin gashinta. Daga baya Innata ta faɗa mini cewa tsohon yakan farka cikin dare yana ihu, yana da saurin hannu a kan 'ya'yansa, kuma su Baba sun sha gori suna yara, wai ubansu ɗan dako ne kawai ba soja ba, dagaci ne ma ya miƙa shi don an kasa biyan haraji. Kakata Dada, mahaifiyar Baba, wadda ita ce ƙaramar matar marigayin, tana nan da rai, ta haura shekara 80, jikin yau da sauƙi gobe babu. Goggo, in ci gaba ko in haƙura? Ina tsoron ɓata wa Baba rai, ina kuma tsoron in tono abin kunya. In zan ci gaba, ta ina zan fara? Kuma kuɗin nan gaskiya ne?

'Yarki daga Gombe

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan kakanki, ya ba Dada lafiya. Ki ci gaba, amma a sannu, kuma daga cikin gida. Kafin mu kai can, bari mu ceci tumakin Bappa tukuna, don su ne ba za su jira ba.

Babu wani shiri na gwamnatin Birtaniya na biyan jikokin sojojin Yaƙin Duniya na Biyu diyya. Mutumin nan macuci ne, kuma naira dubu 80 ɗin ita ce ƙaramar asarar. Babbar ita ce littafin, don in ya fita daga gidan ya fita ke nan, babu ofishin da zai sake buga muku wani. Abin da ya sa irin wannan ƙarya take shiga kunnen mutane shi ne akwai gaskiya a kusa da ita. An cuci sojojinmu, wannan ba a musu. Takardun da aka bankaɗo a 2019 sun nuna cewa wajen kuɗin sallama bayan yaƙi, farabiti Bature yana samun sule 10 a kan kowane wata da ya yi yana aiki, farabiti baƙar fata kuwa sule uku da sisi. An yi ta surutu a majalisar Ingila, aka tashi ba a biya kowa ba. A 2013 kuma Birtaniya ta biya kusan fam miliyan 20 a kan ƙarar wasu 'yan Kenya su 5,228 da aka azabtar lokacin boren Mau Mau, kuma ina kyautata zaton da irin wannan labarin ake yaudarar mutane. Wancan shari'a ce daban, ta mutanen da suke da rai, ba ta shafi sojan da ya je Bama ba.

Akwai dai wata ƙofa ta halal da za ki nuna wa Bappa, don kada ya ji kin kashe masa fata kin bar shi hannu rabbana. Wata ƙungiyar agaji ta Birtaniya mai suna Royal Commonwealth Ex-Services League ta daɗe tana tallafa wa tsofaffin sojojin da suka yi aiki kafin samun 'yancin kai, da matan da suka mutu suka bari, idan suna cikin buƙata. A Najeriya ta hannun ƙungiyar 'yan mazan jiya, wato Nigerian Legion, abin yake bi. Ɗan taimakon abinci ne, kuma in ya samu na Dada ne, ba na 'ya'ya ko jikoki ba. Ku tambaya a ofishin 'yan mazan jiya na jiha ko har yanzu ana yi, da kuma ko Dada ta cika sharuɗɗa. Wajen Bappa kuwa kada ki je da gardama, ke 'ya ce. Ki ce, "Bappa, tun da abin na gwamnati ne, ka ce wa mutumin ku haɗu a ofishin 'yan mazan jiya a Gombe, a cike fom ɗin a gabansu." Daga nan sai ki zuba ido ki ga ko zai zo.

Yanzu ga abin da akwatin ya riga ya faɗa miki. Tauraron nan mai tsini shida, da launukan da kika zana, shi ne lambar da aka ba waɗanda suka yi aiki a fagen yaƙin Bama tsakanin Disamba 1941 da Satumba 1945. In kin duba fuskarsa za ki ga an rubuta sunan Bama da Turanci a zagaye. Da ƙyallen ruwan ƙasa ne da ja a tsakiya, da sai in ce miki lambar Afirka ce, ta waɗanda suka yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha, inda sojojin Najeriya suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941. Sai dai yawancin lambobin wannan yaƙin ba a zana sunan mai su a jiki ba, saboda haka lamba ita kaɗai shaida ce mai rauni. Littafin da gara ta taɓa ya fi ta daraja nesa ba kusa ba, don da alama takardar sallamarsa ce.

Rundunar da kakanki ya shiga ita ce ta Turawan mulkin mallaka ta Afirka ta Yamma, za ki ga haruffan RWAFF a takardunsa, kuma Hausa ce harshen bariki a cikinta tun da daɗewa, har hafsoshin Turawa sai sun koya. A 1943 aka haɗa manyan runduna biyu, ta 81 da ta 82, daga Najeriya da Gana, wadda a lokacin ake kira Gold Coast, da Saliyo da Gambiya. Aka ɗebe su a jirgin ruwa daga Legas zuwa Indiya, daga nan suka shiga yankin Arakan na yammacin Bama don fuskantar sojojin Japan. Ta 81 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944, ta 82 ta biyo baya, suka haɗu suka ci garin Myohaung a Janairun 1945. Wata birget ta 'yan Najeriya kuma aka ware ta aka haɗa ta da dakarun Janar Wingate da ake kira Chindit, waɗanda aka sauke ta jirgin sama a bayan abokan gaba. Sunayen nan ba baƙi ba ne a ƙasar nan, sai dai ba mu cika tambayar asalinsu ba: barikin Dodan da na Arakan da na Myohaung a Legas, Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, duk daga wannan yaƙin aka samo su. Yawancin sojojin sai 1946 suka dawo gida.

To, maganar dako. A nan nake so ki natsu, don a ganina ita ce ƙayar da ta fi sukar mahaifinki. Gaskiya ne rundunonin nan suna da dubban masu ɗaukar kaya a ka. Amma sojoji ne cikakku, an ɗauke su aiki, an ba su kaki da lamba da albashi, kuma dokar soja tana kansu kamar kowa. Dalilin da ya sa ma aka kai 'yan Afirka ta Yamma Kaladan ke nan: ƙasa ce ta duwatsu da kurmi da rafuka, mota ba ta shiga, ko alfadari wani wurin sai ya tsaya. Jiragen sama ne suke jefo abinci da harsashi, mutanen nan su tsince, su ɗora a ka, su hau dutse da shi. Su suke sare daji a yi filin saukar ƙananan jirage, su suke ɗauko wanda aka harba a makara. Rundunar ta 81 ta fasa hanyar mota ta fiye da mil 70 a cikin wannan kurmin da ƙarfin hannu. Ga damina da ba ta ɗaukewa, ga matsattsaku, ga zazzaɓi da atini. Kuma yawancin masu dakon nan ba su da bindiga, adda ce kawai a hannunsu, alhali harsashin Japanawa bai san wa ke ɗauke da bindiga wa ke ɗauke da akwati ba. Mutumin da ya shiga inda ake harbi da kaya a ka, ba shi da abin ramawa, ni ban ga ta inda za a yi wa 'ya'yansa gori ba. Waɗanda suka yi gorin, iyayensu suna gida suna noma lokacin.

Zancen dagaci ma yana iya zama gaskiya, kuma babu kunya a ciki. A takarda ana cewa sojojin sa kai ne, wasu kuwa da gaske da ƙafarsu suka je, saboda albashi ko ƙuruciya. Amma Razdan yakan nemi mutane daga sarki, sarki ya raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai, shi kuma dagaci ba ɗansa zai bayar ba. Talaka da maraya da baƙo su abin ya fi faɗa wa. A shekarun 1942 zuwa 1944 ma an yi ɗiban gwamna na aikin tilas zuwa haƙar kuza a Jos, kuma ƙauyuka da yawa sun cakuɗa labarin waɗanda aka kai kuza da na waɗanda aka kai soja. In an tilasta wa kakanki, laifin yana kan wanda ya tilasta.

Mahaifinki fa? Kada ki ɗauke shi a matsayin wanda ya tare miki hanya. Ke tarihi kike gani a akwatin nan, shi kuwa yarintarsa yake gani. Yaro ne da ya kwana yana jin ihun ubansa, ya sha duka bai san laifinsa ba, gari ya waye ya fita a yi masa dariya. Abin da Innarki ta kwatanta, firgita cikin barci da saurin fushi, likitocin ƙwaƙwalwa a yau sun san shi sarai a jikin waɗanda suka ga yaƙi, kuma ana maganinsa. A 1946 babu wanda ya tambayi sojan da ya dawo yadda yake kwana. An ba shi ɗan kuɗinsa da takarda, aka sa shi a jirgin ƙasa. Wannan bai wanke dukan da aka yi wa yara ba, kuma ban ce ki je ki ce wa Baba ya yi wa ubansa uzuri ba, wannan tsakaninsa da zuciyarsa ne. Na faɗa ne don ki san nauyin abin da kike taɓawa.

Saboda haka kada ki sake tayar da zancen a gaban mutane, ko ana cin abinci. Ki samu lokacin da yake shi kaɗai, ko ki bi ta wajen wanda yake jin maganarsa, wata Goggonki ko amininsa. Abin da za ki nema ƙarami ne: izinin ɗaukar hoton takardun da kuma zama da Dada. Ki yi masa alkawari biyu, ki kuma cika su. Ba za ki sa komai a Facebook ko a zauren WhatsApp na dangi ba sai ya gani ya yarda, kuma ba za ki matsa masa ya ba ki labari ba. In ya ce to, alhamdu lillahi. In ya yi shiru, a al'adarmu shirun uba sau da yawa izini ne da bai so ya furta. In kuwa ya hana ƙiri-ƙiri, ki dakatar da zuwa ofisoshi, hakkinsa ne a kanki, kuma takardun Kaduna da na Landan ba gudu za su yi ba. Amma hira da kakarki ba ta cikin abin da ake hana jika. Ki je ki gaishe ta, ki zauna, ki saurara.

Zaman nan da Dada shi ne aikin da ya fi kowanne gaggawa. Ki tuna ita ƙaramar mata ce, an aure ta shekaru da yawa bayan yaƙin, saboda haka abin da ta sani ji ta yi, daga bakinsa ko na uwargidanta. In kika ce mata, "Dada ba ni labarin yaƙin Bama," za ta ce ita me ta sani, maganar ta mutu. Ki bi ta gefe. Ki zauna kusa da ita bayan la'asar kina tsince mata shinkafa ko kina matsa mata ƙafa, ki tambaye ta abincin da ba ya ci da dalilinsa, tabon da ke jikinsa, ko yana da wasu kalmomin Indiyanci da yake jefawa in ya yi fushi ko yana raha, abin da yake yi in ana tsawa. Su wa suke zuwa wajensa su shige zaure su daɗe? Da wa suka tafi daga ƙauyen, wa ya dawo, wa bai dawo ba? Ya taɓa ambaton teku, ko jirgin sama, ko alfadarai? Wane aiki ya yi da ya dawo, don da yawansu sun zama 'yan doka na En'e, ko masinjoji, ko direbobi, ko masu gadi. Ki nemi izininta ki naɗi muryarta a waya, ki ajiye wayar a gefe don kada ta takura. In Fulatanci ya fi mata daɗin baki, a yi da shi, fassara ta zo daga baya. Kada ki gyara mata ko kin ji ta haɗa abin da bai haɗu ba, kuma in ta gaji ki bari sai gobe. Ki dai riƙe a ranki cewa tsofaffi sukan haɗa yaƙin Bama da zuwa Kwango na 1960 zuwa 1964 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 su zama labari ɗaya, kuma wasu sojojin da suka je Bama sun sake sa kaki lokacin basasa, to yana yiwuwa kakanki ya yi biyu. Bayan Dada, ki nemi 'ya'yan abokan nan nasa. Wani gidan akwai irin akwatinku, wataƙila ma da takardar da ta fi taku lafiya.

Akwatin kansa gado ne, na magada duka har da Dada, saboda haka kada ki nemi a ba ki. Hoto kawai za ki ɗauka. Ki shimfiɗa farin zane a inuwa da hantsi, ki buɗe littafin a hankali da busasshen hannu, ki ɗauki kowane shafi har waɗanda kike ganin babu komai, da bangon gaba da na baya. Hoton mutum ukun ki juya bayansa, sau da yawa akwai hatimin mai hoto da sunan gari, ko rubutun ajami. Kada a manna salatif a inda ya yage, kada a kai shi shago a rufe shi da leda mai zafi, wannan kashe takarda yake yi. Lambar ma kada a goge ta da toka ko lemon tsami. A sa kowanne a ambulan na takarda, a ɗaga akwatin daga ƙasa saboda gara da danshi. Hotunan ki tura wa kanki ta imel, ki kuma ba wani ɗan'uwa, don waya tana faɗawa ruwa.

A cikin littafin abu uku kike nema: lambarsa ta soja, rukunin da ya yi aiki, da ranar ɗauka da ta sallama. Lambar sojan Najeriya ta lokacin takan fara da haruffan NA. Ita ce mabuɗin komai, don suna ba abin dogaro ba ne. Magatakardan bariki yakan rubuta sunan mutum ya liƙa masa sunan gari, sai ki ga Musa Bauchi ko Audu Gombe ko Garba Dukku, ko da mutumin daga wani ƙauye mai nisa ya fito, kuma a bataliya ɗaya ana iya samun masu suna iri ɗaya da yawa. Rubutun ma yadda kunnen Bature ya ji ne, Mamman ya koma Momo ko Mama, Garba ya koma Garuba. Wasu kuma da gangan suka ba da sunan da ba nasu ba, don kada iyaye su biyo sawu. In kin ga sunan da ba ki sani ba a littafin, kada ki yi saurin cewa na wani ne, ki tambayi Dada.

Rukunin kuwa shi zai gaya miki hanyar da ya bi. In kin ga NR da lamba a gabanta, bataliyar sojan ƙasa ce ta Najeriya. Ta 6 da ta 7 da ta 12 su ne suka bi Chindit. Ta 4 tana cikin runduna ta 81 a Kaladan. Ta 1 da ta 2 da ta 3 da ta 5 da ta 9 da ta 10 suna cikin ta 82, kuma ukun farkon nan su ne suka riga suka yi yaƙin Somaliya da Habasha. In Aux Gp aka rubuta, to rukunin masu ɗaukar kaya ne. WAASC na direbobi ne da masu kula da kayan abinci, WAAMC na ma'aikatan asibiti.

Da wannan a hannu sai ki fita waje. Ki fara da ofishin 'yan mazan jiya a Gombe, da hotunan takardu ba ainihinsu ba, ki roƙi su duba tsofaffin rajistocinsu, su kuma taimaka miki da wasiƙa zuwa ofishin adana bayanan sojojin ƙasa da ke Lokoja. Galibin fayilolin ɗaiɗaikun sojojinmu a nan ƙasar aka bar su, ba a kwashe su zuwa Ingila ba, kuma da yawa ba su tsira ba. Ki rubuta, amma kada ki ɗora rai a kai. Barikin Lokojan ma sunan wani sojan da ya je Bama yake ɗauke da shi, Chari Maigumeri, samanjan da ya yi yaƙin duniya na farko da na biyu.

Sai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Ki tuna jihar Gombe a 1996 aka yi ta, a zamanin yaƙi kuwa Gombe yanki ne a lardin Bauchi, saboda haka a fayilolin lardin Bauchi za ki nema, masu alamar BAUPROF, da na sakatariyar lardunan Arewa masu alamar SNP. Abin da ake samu a irinsu shi ne wasiƙu tsakanin Razdan da Di'o da En'e a kan ɗaukar soja, da rahotannin shekara, da batun sama wa sojojin da suka dawo aiki. Wani sa'in akan ci karo da jerin sunaye gunduma gunduma. Gidan Arewa, wato tsohon gidan Sardauna, yana nan cikin Kaduna, za ki haɗa su a tafiya ɗaya lokacin hutun makaranta, ki kuma tambayi tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939 ta kuma riƙa kawo labarin yaƙin da Hausa. In tafiyar ta yi miki nauyi, ki leƙa sashen tarihi na jami'ar jiha. Ɗalibai masu bincike suna zuwa Kaduna, wani zai duba miki a kan ɗan abin mota.

Na Ingila kuwa daga wayarki za ki fara. Ma'ajiyar takardun Birtaniya da ke Kew a Landan tana da kundin neman takardu a intanet kyauta. Jerin WO 373 na waɗanda aka nemi a ba lambar jarumta ne, ana nema da suna ko lamba, kuma akwai 'yan Najeriya a ciki, har da bayanin abin da mutum ya yi. Jerin WO 172 kuma littattafan da kowace bataliya take rubuta abin da ya faru kullum ne a fagen Bama. Waɗannan sai an je ko an biya an kwafo, kuma da wuya su ambaci farabiti da suna, sai hafsoshi. Amma za su gaya miki ranar kaza bataliyarsa tana gaɓar kogi kaza, an kai musu hari da asuba, mutum kaza sun mutu. Wannan shi ne mafi yawan abin da ake samu, 'yata, gara ki sani tun yanzu: hanyar da rukuninsa ya bi, ba labarinsa shi kaɗai ba. In kika ɗora wannan a kan abin da Dada ta ba ki, za ki ga sun fara haɗuwa.

Akwai kuma shafin hukumar kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila, Commonwealth War Graves Commission, shi ma kyauta. Kakanki ba ya ciki tun da ya dawo da rai, sunayen waɗanda suka mutu ne daga 1939 zuwa 1947. Amfaninsa gare ki shi ne abokin tafiyar nan da bai dawo ba. In Dada ta tuna sunansa, ki neme shi. Za ki iya samun lambarsa da bataliyarsa da ranar rasuwarsa, da inda yake, ko a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, inda aka zana sunayen kusan mutum 27,000 da ba a san kabarinsu ba, ko a Chittagong ta Bangaladash. Waɗanda aka ɗauka rana ɗaya lambobinsu sukan yi kusa da juna, to ko gara ta cinye rabin lambar kakanki, ta abokinsa za ta iya taimaka miki ki cike. In kuma kin same shi, akwai wani gida a ƙauyenku da shekara 80 ke nan ba su san inda nasu ya kwanta ba. Ki sanar da su, ta hannun manya.

Kin ce kina tsoron tono abin kunya. Littafin sallama yakan ɗauki shaidar hali, kuma ba mamaki ki ga an taɓa cin sa tara ko an tsare shi. A rundunar da ake yi wa soja baƙar fata bulala, irin wannan bai isa a yanke wa mutum hukunci ba. In kin ga abin da ya fi haka nauyi, ba dole ne kowa ya ji ba. Sanin abu daban, yaɗa shi daban, kuma mamaci yana da hakkin a rufa masa asiri. Abin da kika tattara ki rubuta shi da Hausa a 'yan shafuka, ki bambanta abin da takarda ta ce da abin da Dada ta ce da abin da ke kika yi hasashe. Kofen farko na Baba ne. Ki ba shi a ambulan ki tashi, kada ki tsaya kallon fuskarsa, kada kuma ki tambaye shi ko ya karanta. In daga baya ya yarda, sai a yi wa sauran dangi, a haɗa da sadaka da addu'a ga marigayin, wanda na tabbata ko Bappa ba zai ƙi ba.

Wannan Juma'ar ki kira Bappa a kan maganar ofishin 'yan mazan jiya, Asabar ki shiga motar Dukku da cajin waya da goron Dada. In kin karanto lambar da haruffan rukunin, ki sake rubuto mini, sai mu duba wace bataliya ce da kuma takardun da ya kamata ki nema a Kew.